Ina Za Mu Kwantar da Namu? Kabari, Makabarta da Begen Mai Bi a Ƙasar Noman Rani



Akwai tambayar da yawancinmu ba ma yi sai ranar da gawa take kwance a ɗaki: ina za a haƙa? A dā, a ƙauyukanmu na kudancin Kano, ba a ma yin wannan tambaya. Kowane gida ya san inda kakanninsa suke kwance, ko bayan gida, ko gefen gona a gindin tsamiya ko ɗorawa. Yau kuwa, duk wanda ya bi hanyar Zariya ya ratsa Kura, ko ya karkata daga Karfi ya nufi Bunkure da Rano, zai ga shinkafa da tumatir da albasa har iyakar ganinsa, rani da damina. Ƙasa ta yi daraja. Gefen gonar da aka bar wa matattu a dā, yanzu akwai mai neman hayarsa. Gona ta fita daga hannun iyali, sabon mai ita bai san akwai mutum a ƙarƙashin kunya ba. Wani wurin kuma a haƙa kamu huɗu, ruwa ya ɓullo.

Mun rubuta wannan koyarwa ne domin ikilisiyoyinmu su yi tunani tun kafin rana ta zo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Za mu duba yadda mutanen ƙasar nan suka riƙa binne matattunsu tun zamanin dā, da abin da ruwan Tiga ya canza, da abin da Maganar Allah ta koya mana, sa'an nan abin da ya kamata kowace ikilisiya ta yi.

Kusheyin mutanen dā

A ƙasar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai wani wuri da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Sunan da kansa ya faɗi abin da ke wurin, domin kushewa ita ce kabari a tsohuwar Hausa, jam'inta kusheyi. Manyan tudduna ne da aka tara da hannu a kan kaburburan masu mulki. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna Palmer ya tona wasu a 1907, masu binciken kayan tarihi na Nijeriya da Jamus kuma suka sake tona wasu a 1992. Sun tarar an binne mutanen tare da kayan adonsu: mundaye na tagulla da na hauren giwa, duwatsun wuya, wuri, zinariya, har da tasar ƙarfe da ta fito daga ƙasashen gabas. Bincike ya nuna kaburburan sun kai shekara 500 zuwa 700.

Me wannan yake gaya mana? Tun kafin bishara ta iso, mutanen ƙasar Hausa ba su ɗauki mutuwa a matsayin ƙarshen magana ba. Ba a sa wa wanda ya ƙare kaf mundaye a hannu. Zuciyarsu ta shaida musu akwai wani abu a gaba, ko da ba su san ko mene ne ba. Mai-Wa'azi 3:11 ya nuna mana Allah ne ya dasa wannan tunanin madawwami a zuciyar ɗan adam.

Talaka bai sami tudu irin na Durɓi ba, amma shi ma ba a yar da shi. Da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, waɗanda suka zauna a manyan gidaje a warwatse cikin gonakinsu a ƙasashen Rano, Bunkure, Kibiya, Sumaila, Tudun Wada, Ƙaraye da Rogo. Al'ada ta bambanta daga gida zuwa gida, amma dattawanmu suna ba da labari iri ɗaya a kan wasu abubuwa. Ana binne mutum kusa da gida, a ƙasar zuriyarsa. Mutuwar yaro ko saurayi abin baƙin ciki ce ƙwarai, ana yin ta shiru. Mutuwar tsoho wanda ya ga jikoki kuwa har da kiɗa da rawa da giya, jikoki suna wasa da tsokana. A cikin wannan akwai abin kirki: girmama iyaye, da taruwar dangi, da sanin asali. Akwai kuma abin da bishara ta 'yantar da mu daga gare shi: tsoron kurwar mamaci, da yanka ko zuba giya domin a lallashe shi, da zuwa wurin boka a nemi wanda ya ci shi.

Makabartar gari

Musulunci ya shigo fadar Kano ta hannun Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ƙara kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa, daga baya kuma jihadin farkon ƙarni na 19 ya shimfiɗa shi a birni da manyan garuruwa. Da shi ne tsarin jana'izar da muka saba gani wurin maƙwabtanmu ya zama ruwan dare. A yi wa mamaci wanka, a sa shi a farin likkafani, a yi masa salla, a ɗauke shi a makara, ba tare da jinkiri ba. A haƙa uwar kabari, a cikinta a haƙa 'yar kabari daidai jikin mutum, a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. A jera itace ko fasassun tukwane a kai, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a mai da ƙasa a yi ɗan tudu. Ba a binne kowa da dukiya. Attajiri da almajiri, ƙyalle iri ɗaya.

Garuruwa suka keɓe fili ɗaya domin kowa, wato makabarta, irin su Ɗandolo da Wali Mai Aduwa a birnin Kano. Duk da haka binnewa a gida bai ɓace ba, musamman ga shugabanni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana Hubbare a Sakkwato. Ɗansa Muhammadu Bello yana Wurno. Sarakunan Kano na baya-bayan nan, har da Ado Bayero da ya rasu a 2014, suna Gidan Nasarawa. Malam Aminu Kano, da ya rasu a 1983, a gidansa na Mumbayya aka binne shi. Sarki Alu Babba kuwa, wanda Turawa suka kama a 1903, can Lakwaja ya rasu, can kuma kabarinsa yake. Ko sarki bai da tabbacin ƙasar da za ta rufe shi.

Ba mu kawo wannan domin jayayya ba. Mun kawo shi ne domin mu san cewa yawancin abin da muke yi a jana'iza, kamar saurin binnewa, da zaman makoki na kwana uku, da gaisuwar ta'aziyya, al'adar ƙasa ce da muke tarayya a cikinta da maƙwabtanmu. Wajibi ne mu san wanne ne umarnin Allah, wanne ne al'ada mai kyau da za mu riƙe, wanne ne kuma ya kamata mu bari.

Kaburburan da bishara ta fara da su

Tarihin ikilisiya a arewa ya fara ne da kaburbura kafin ya kai ga majami'u. A watan Disamba na 1893, samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare, biyu sun kwanta. Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent kuma a Bida. A 1900 ayarin Bishop Tugwell, wanda Likita Miller yake ciki, ya iso Kano, Sarki Alu ya ce su koma. Suka yada zango a Girku, a can ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya rasu aka binne shi. Babu ɗayansu da aka mai da gawarsa garinsu. Inda suka faɗi, nan aka rufe su.

Aikin da ya fito daga waɗannan kaburbura shi ne muke cin amfaninsa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A shekarun 1930 aka bar mishan ta fara aiki a ƙasar Kano, ta wurin kula da kutare a Yadakunya, daga baya asibitin ido na Kano a 1943. An kafa ECWA a 1954. A shekarun 1970 kuma Maguzawa masu yawa suka karɓi Almasihu, ƙananan majami'u na jinka da na kwano suka bazu a ƙauyuka.

A nan ne aka bar wani giɓi. Iyayenmu sun nemi filin majami'a, wasu sun nemi na makaranta, amma kaɗan ne suka nemi filin makabarta. Ba su ga bukata ba, tun da kowa yana da gonar gado. Baƙin da suka zauna a Sabon Gari su ne suka fara sanin ƙuncin rashin wurin binnewa, domin ba su da gona. Mu na ƙauye muka ci gaba da binnewa yadda kakanninmu suka yi, sai dai da addu'a da waƙa maimakon giya.

Ruwan Tiga ya canza lissafi

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka fara a 1971 aka gama a 1974. Daga nan aka jawo babbar hanyar ruwa zuwa ƙasashen Bunkure da Kura da Garun Malam, aka fara gwaji a Kadawa. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi. Babu mai musun albarkar da ya kawo. Mutumin da a dā yake tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, yanzu yana noma sau biyu ko uku a shekara. Kura, wadda aka sani da rini da baƙin rawani mai ƙyalli, ta zama garin shinkafa. Manyan motoci suna lodin tumatir a Kwanar Gafan zuwa kudu. Baikon ikilisiyoyi da yawa daga wannan ruwa yake fitowa.

Amma ruwan ya taɓa matattu ta hanyoyi huɗu.

Na farko, tafkin Tiga ya tashi dubban mutane daga mazauninsu. Masu rai sun kwashe kayansu sun koma sabon matsuguni, kusheyin iyayensu kuwa suka rage a ƙarƙashin ruwa.

Na biyu, da aka zo shimfiɗa aikin, an baje gonaki da manyan injuna, aka yanka hanyoyin ruwa da na mota, aka sake raba filaye. Itatuwa da shingaye da tuddan da tsofaffi suke gane kabari da su sun tafi. Wani ya sami rabonsa a inda ba nan ne ainihin gonar ubansa ba.

Na uku, ƙasar da ake shayarwa shekara da shekaru takan ƙoshi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan hau sama, musamman inda magudanai suka toshe da ciyawa da laka. Manomanmu sun san filayen da suka jiƙe har suka daina ba da amfani. Kabarin da aka haƙa a irin wannan wuri yakan tara ruwa ko ya rufta, yana kuma iya gurɓata rijiyar da ke kusa.

Na huɗu, ƙasa ta zama kuɗi. Ana sayarwa, ana jingina, ana haya, ana rabon gado har fili ya koma kamar tabarma. Kabarin da ba shi da alama, ba shi da takarda, ba shi da mai tunawa da shi, garma ce za ta gaje shi. Ga kuma 'yan'uwa masu bi da suke zuwa daga wasu jihohi domin aikin gona ko sana'a. Idan ɗayansu ya rasu, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a nan.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

Mu fara da Ibrahim, a Farawa sura 23. Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127. Allah ya riga ya yi wa Ibrahim alkawarin dukan ƙasar, amma a ranar nan ba shi da inda zai kwantar da matarsa. Hittiyawa suka yi masa karamci, suka ce ya zaɓi wanda ya ga dama cikin kaburburansu. Efron ma ya ce ya ba shi filin kyauta. Ibrahim ya yi godiya, ya rusuna musu, amma ya nace sai ya biya. Ya auna shekel 400 na azurfa a ƙofar gari, a gaban shaidu, aka tabbatar masa da filin, da kogon Makfela, da itatuwan da ke ciki, har iyakarsa. Dattijon ya san kyautar baki takan mutu tare da mai bayarwa. Saboda wannan ciniki, shi kansa da Ishaku da Rifkatu da Lai'atu da Yakubu duk suka sami makwanci. Neman filin makabarta da takarda da shaidu ba rashin bangaskiya ba ne. Uban masu bangaskiya ne ya fara yin haka.

Na biyu, jiki yana da daraja. Allah ne ya siffata shi, Ruhu Mai Tsarki ya zauna a cikinsa (1 Korintiyawa 6:19). Yusufu mutumin Arimatiya da Nikodimu sun sa kansu cikin haɗari domin su karɓi jikin Ubangijinmu, suka naɗe shi da lilin da kayan ƙanshi, suka sa shi a sabon kabari a ranar da ya mutu (Yahaya 19:38-42). Masu tsoron Allah sun binne Istifanas, suka yi kuka ƙwarai dominsa (Ayyukan Manzanni 8:2). Kuka ba zunubi ba ne. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru.

Na uku, Littafi bai ɗaure mu da siffa ɗaya ba. An sa Yusufu a akwati a Masar (Farawa 50:26). An ɗauki ɗan gwauruwar Nayin a makara (Luka 7:14). An naɗe Ubangiji da ƙyalle. Saboda haka mai akwati kada ya rena mai likkafani da tabarma, mai likkafani kuma kada ya zargi mai akwati. Juya ƙafafun mamaci wajen gabas tsohuwar al'adar ikilisiya ce mai tuna mana da dawowar Almasihu, amma ba doka ba ce. Idan kuma larura ta sa a ɗaga kabari, akwai misali: Isra'ilawa sun ɗauki ƙasusuwan Yusufu daga Masar, suka sake binne su a Shekem (Fitowa 13:19, Joshuwa 24:32). Abin da ake bukata shi ne yardar iyali, da sanin hukuma, da natsuwa.

Na huɗu, kuma mafi girma, tashinmu bai dogara ga kabarinmu ba. Babu wanda ya san inda aka binne Musa (Maimaitawar Shari'a 34:6), amma ga shi tare da Yesu a kan dutse ranar da kamanninsa suka sāke. A shekara ta 177, a birnin Liyon na Faransa ta yau, masu tsananta wa ikilisiya sun ƙone gawawwakin masu bi, suka watsa tokar a kogi, wai su ga ta inda za su tashi. Ikilisiya ba ta girgiza ba. Wahayin Yahaya 20:13 ya nuna cewa ko teku za ta mai da waɗanda ta haɗiye. Wanda zai karɓi nasa daga teku, tafkin Tiga ba zai gagare shi ba. Duk ɗan'uwan da zuciyarsa take damuwa saboda kabarin mahaifinsa ya ɓace cikin ruwa ko cikin shinkafa, ya kwantar da hankalinsa. Mu ne muka manta wurin, Allah bai manta ba.

Manzo Bulus ya yi mana bayani da harshen manoma a 1 Korintiyawa 15:35-44. Kowannenmu ya taɓa zuba irin alkama a ƙasa cikin sanyin hunturu. Ƙwayar takan ruɓe, ba mai sake ganinta, amma bayan 'yan kwanaki fili ya yi kore. Haka jikin mai bi yake. Ana shuka shi da rauni, za a tashe shi da ɗaukaka. Shi ya sa masu bi na farko suka kira makabartarsu da kalmar Helenanci koimeterion, wato wurin barci. Wanda ya yi barci, ana sa ran tashinsa (1 Tasalonikawa 4:13-18).

Wannan bege ya sa ikilisiyar farko ta yi suna wajen binne matalauta. Tertuliyan, wani malamin ikilisiya a Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 197 cewa cikin abin da ake yi da baikon wata-wata har da binne waɗanda ba su da kowa. A 362 Sarkin Roma Yuliyan, wanda ya juya wa bangaskiya baya, ya yi gunaguni cewa alherin Kirista ga baƙi da kulawarsu ga kaburbura suna cikin abin da yake jawo musu jama'a. Ashe makabarta ma wurin shaida ce.

Abin da ya kamata mu yi

Mu nemi fili tun yanzu. Inda ikilisiya ɗaya ba za ta iya ba, ikilisiyoyin yanki su haɗa kai, ko da ɗarikarsu ba ɗaya ba ce, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Doka tana gefen mai neman wannan. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kafa makabartu da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gargajiya a filayen karkara. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi cikin ladabi, yadda Ibrahim ya rusuna wa Hittiyawa. A rubuta yarjejeniya, shaidu daga ɓangarorin biyu su sa hannu, maƙwabtan filin su san iyaka. Takarda ta fito da sunan amintattun ikilisiya, ba da sunan fasto ko wani dattijo ba, domin fasto yakan tashi, dattijo kuma yana da magada.

Mu zaɓi tudu, wajen filayen da aka tsara domin ban ruwa. Kafin a biya kuɗi, a haƙa ramin gwaji sau biyu: a watan Agusta lokacin da damina ta yi nauyi, da kuma tsakiyar rani sa'ad da aka saki ruwa a hanyoyi. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ba da shawara makabarta ta yi nisan mita 250 daga rijiya ko burtsatsen da ake sha, mita 30 daga rafi ko maɓuɓɓuga, mita 10 daga magudanar gona, gindin kabari kuma ya ɗara iyakar da ruwan ƙasa yake kaiwa da aƙalla mita 1. Ƙaunar maƙwabci ta haɗa da kiyaye ruwan da yake sha.

Mu sa alama, mu kuma rubuta. Turakun siminti a kusurwoyi, da layin darbejiya a kewaye, sun isa a fara da su kafin a sami kuɗin katanga. Sakataren ikilisiya ya riƙe littafi: suna, rana, da layin da aka kwantar da mutum. Iyalan da suke da kaburbura a gona su zaga da 'ya'yansu su nuna musu tun tsofaffi suna da rai. Idan za a sayar da gonar ko a ba da jingina, a faɗa wa mai karɓa, a kuma sa a takarda cewa wannan gefen ba na noma ba ne.

Mu sauƙaƙa jana'iza. Wata sabuwar al'ada tana shigo mana: a ajiye gawa makonni a ɗakin sanyi, a sayi akwati mai tsada, a ɗinka anko, a yanka sa, a ɗauki hayar mota zuwa gari mai nisa. Sau da yawa ƙarshen abin shi ne a jinginar da filin rani, wanda shi ne abincin marayu. Agustin, babban malamin ikilisiya daga arewacin Afirka, ya koyar cewa hidimar jana'iza ta'aziyya ce ga masu rai, ba taimako ga mamaci ba. Mahaifiyarsa Monika ma, da ajali ya same ta a ƙasar baƙunci a 387, ta hana 'ya'yanta damuwa da mai da gawarta gida. Wanda yake da hali ya kai nasa gida, ba laifi. Wanda ba shi da shi, kada kunya ta jefa shi cikin bashi. Ikilisiya ta keɓe asusun jana'iza, ta kuma bar gefe a makabarta domin baƙo da wanda ba shi da kowa. Matasa su riƙe haƙa kabari a matsayin hidima ga Ubangiji, Zumuntar Mata kuma ta ci gaba da abin da ta saba na kai abinci da kwana tare da masu makoki.

Mu tsabtace bangaskiyarmu. Babu yanka, babu zuba wani abu a kan kabari, babu neman magana da matattu (Maimaitawar Shari'a 18:10-12). Idan dangi sun taru ranar uku ko bakwai ko arba'in, mu mai da taron na godiya da ƙarfafa juna, muna sane cewa ba abin da za mu dafa ko mu raba da zai canza makomar wanda ya tafi (Ibraniyawa 9:27). Kada kuma a rufe kabari da safe, da yamma a fara ƙwace fili daga hannun gwauruwa. Yakubu 1:27 ya auna addininmu da yadda muke riƙe marayu da gwauraye.

Mu zauna lafiya da maƙwabta. A gidaje da yawa na ƙasar nan, wa Musulmi ne, ƙane Kirista, kaka kuma tana kan al'adar gargajiya. Duk mai bi da yake cikin irin wannan gida ya faɗi yadda yake so a binne shi tun yana da lafiya, a gaban danginsa da dattawan ikilisiya, a kuma rubuta. Idan duk da haka saɓani ya taso, a kira mai unguwa da dattawan ɓangarorin biyu a zauna. Kada ikilisiya ta ɗaga murya ko sanda a kan gawa. Ran ɗan'uwanmu yana wurin da hannun mutum ba ya kaiwa, amma shaidar da za mu ɓata a rana ɗaya tana iya ɗaukar shekaru ba ta gyaru ba. Idan an yi rasuwa a gidan maƙwabci, mu je gaisuwa, mu zauna a tabarma, mu yi kuka tare da masu kuka (Romawa 12:15, 18). Su ma suna zuwa namu, kuma mun san daɗin hakan.

Muna roƙon kowane fasto da dattawa su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a zaman majalisa na gaba. A tambaya: idan Ubangiji ya kira ɗayanmu a daren yau, mun san inda za mu haƙa? Filin namu ne a takarda? Ruwa yana kaiwa wurin? Baƙon da yake sujada tare da mu yana da rabo a ciki? Idan amsar ɗaya daga cikinsu a'a ce, to, aiki ya same mu.

Mutuwa rigar kowa ce, amma ga mai bi ba ita ce rigar ƙarshe ba. Akwai kabari guda a Urushalima da aka sa mutum a ciki ranar Jumma'a, aka tarar da shi wofi ranar Lahadi. Saboda wannan kabari ne muke haƙa namu ba tare da fid da zuciya ba. Allah na dukan ta'aziyya ya ƙarfafa waɗanda suke cikin makoki a cikinmu, ya ba shugabanninmu hikima, ya kuma same mu a shirye ranar da ƙaho zai yi ƙara. Amin.